Ɗan Aike Ba Ya Wuce Saƙon Da Aka Ba Shi

Yau ina so mu ɗan tattauna a kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda yanzu ake cewa za su riƙa yi wa mutum aike: su duba lissafin shago, su tura saƙo, har su biya kuɗi. Ra'ayina shi ne mun fi damuwa da wayon na'urar, mun bar abin da ya fi muhimmanci, wato bayanin kayan aikin da aka miƙa mata.

Bari na fayyace. Manhaja irin ChatGPT ko Claude ba ta da hannu. Idan ana so ta yi wani aiki a waje, sai a haɗa ta da wani ƙaramin shiri, a rubuta mata sunansa, da abin da yake yi, da abubuwan da za ta cike kafin ya yi aiki. Kamfanin OpenAI ya fito da wannan tsari a watan Yunin 2023, sannan Anthropic ya kawo ƙa'idar MCP a Nuwamban 2024, wadda manyan kamfanoni da dama suka karɓa a 2025. To ita na'urar ba ta ganin cikin shirin. 'Yan layukan nan da aka rubuta kawai take karantawa, da su take yanke shawara.

Duk wanda ya tashi a kasuwa ya san wannan matsalar. A ce an kawo sabon yaro daga Arewa, ka ce masa ya je ya auno shinkafa biyar. Biyar ɗin me? A Kano zai kawo tiya ko mudu, a Ibadan kongo ake yi, a Legas kuwa derika ne ko robar fenti. Idan ya dawo da abin da ba shi ba, laifin wa? Na wanda ya aika ne.

Ga misali daga harkar kuɗi. A tsarin biyan kuɗi na Paystack, masu haɗa manhaja da kwabo suke rubuta adadi, kuma kamfanin ya faɗi haka ƙarara a takardunsa. Naira 5,000 za a rubuta ta 500000. Yanzu a ce wani ya haɗa na'ura da wannan tsarin, ya rubuta mata "adadin kuɗi" kawai ya yi shiru. Tana iya saka 5000, a karɓi naira 50 a hannun mai saye. Kalma ɗaya ta faɗi daga bayani, jari ya tafi.

To yaya za a gane bayani mai kyau? Ni dai tambayoyi huɗu nake yi. Ya faɗi abin da kayan aikin yake yi? Ya faɗi lokacin da bai kamata a taɓa shi ba? Ya fayyace ma'auni, naira ko kwabo, rana kafin wata ko wata kafin rana? Sannan idan aka yi kuskure, amsar da zai mayar tana nuna yadda za a gyara, ko lamba ce kawai marar ma'ana? Shi kansa Anthropic yana ba da shawarar a rubuta aƙalla jimla 3 zuwa 4 ga kowane kayan aiki. A wani rubutu na Disamban 2024 sun ce a wani gwajin gyaran manhaja sun fi ɓata lokaci wajen gyara kayan aiki a kan rubuta babban umarni.

Amma karatu kaɗai ba ya isa. Buhu ba a yaba shi daga waje, sai an soka an ga ƙwaya. A jera ayyuka na gaske, a ba na'urar, a ƙirga sau nawa ta ɗauki kayan aikin da ya dace, sau nawa ta cike daidai. A canza bayanin, a sake gwadawa da wasu ayyukan da ba ta taɓa gani ba. Mu kuma nan sai an gwada da Hausa da buroka da Yarbanci, don haka kwastomominmu suke magana.

Na san wani zai ce na'urorin kullum ƙara wayo suke, za su gane da kansu. Ban yarda ba. Yaro komai wayonsa ba zai san abin da ba a gaya masa ba, sai dai ya yi kintace, kuma mai wayo ya fi iya yin kintacen da zai yi kama da gaskiya. Ga kuma wani haɗarin: a watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aiki, na'urar ta bi, mai ita bai sani ba. Don haka bayanin nan har ta fuskar tsaro sai an duba shi.

Shawarata ga iyayenmu da yayyenmu 'yan kasuwa: idan wani ya kawo muku manhajar da za ta taɓa kuɗi, ku sa ya gwada a gabanku da ƙaramin adadi, ku kuma nemi a saita ta yadda ba za ta biya ba sai kun amince. Matasanmu masu koyon kwamfuta kuma, ku rubuta bayani kamar kuna aiken baƙon da jiya ya sauka daga mota.

Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mu da asara. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.