Ku Daina Ce Mana "Kamar a Gida"

Akwai wata magana da muka daɗe muna ji daga bakin baƙi, musamman 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da suka riƙa ratsowa ta Jazira da Bahar Azrak kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Mutum zai sauka a Mai Wurno da la'asar, ya ga masu agashe sun hura wuta a bakin titi, ya ji mata suna ciniki da Hausa, ya sha gudugudu har ya yi gyatsa, sai ya daki ƙirji ya ce, "Wallahi kamar ina Sakkwato!" Da ya koma kasuwarsu labarin ke nan: ya ga 'yan Nijeriya jibge a Sudan.

Mun san da kyakkyawar niyya ake faɗa. Amma a gaskiya wannan yabo yana da ƙaya.

Ba 'yan kasuwa kaɗai ba, har masana. Baturen Ingila Mark Duffield ya zauna a Mai Wurno, ya fitar da littafi a kan garin a 1981. Shi kuwa Bawa Yamba, da ya yi bincike a ƙauyukan Hausawa na wajen Wad Madani, a 1995 sai ya raɗa wa littafinsa suna mai nufin alhazan da har abada suna kan hanya. To, ba mu ce ya yi ƙarya ba. Dattawanmu da yawa sun rasu suna cewa su matafiya ne, Makka suka nufa. Sai dai abin da dattijo ke faɗa don tsoron Allah daban, abin da mai neman ƙwace maka gona zai yi da maganar daban.

Abin tambaya a nan shi ne, shekara nawa mutum zai yi kafin ya tashi daga baƙo? Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin kogi kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka yi noma da tsinka. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a ce zuriyar mutum tana Sudan tun kafin 1898. Ku duba fa, shekara biyar kacal tsakaninta da Burmi! Sai a dokar 1994 aka mayar da ma'aunin zuwa 1956.

Kuma ba a kan takarda abin ya tsaya ba. A 2008 wata jarida ta jingina wa Shugaba Umar al-Bashir cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. An musanta, amma sai da Gadarif da Kasala suka yamutse. A watan Yulin 2022, da Hausawan Bahar Azrak suka nemi sarautar gargajiya tasu, amsar da aka ba su ita ce baƙo ba ya da ƙasa. Sama da mutum 100 suka mutu a Rusairis da kewaye, a watan Oktoba kuma aka sake zubar da jini a Wad al-Mahi. Kalmar nan dai ta "baƙo" ita ce aka wasa.

Saboda haka, Alhaji, kai da ke da rumfa a Gallabat ko Jibiya ko Illela, bakinka ya fi rediyonmu nisan zango. Abin da ka faɗa a kan tabarmar ciniki, direbobi ne za su kwashe shi su tsallaka iyaka da shi. Idan ka ba da labarin mai agashen nan, ka ƙara da cewa da Larabci yake lissafin kuɗinsa, ba ya kuma sanin hanyar Wurno ta Sakkwato, kuma kabarin kakan kakansa yana nan bayan gari. Zumunci muna so, ku zo, ku ci, ku sha, mu ƙulla ciniki har da auratayya. Amma in an tambaye ka su wa ka gani, ka ce Hausawan Sudan ka gani a garinsu.