Kada Mu Bari Sai Mota Ta Tafasa

A watan Maris da na Afrilu, duk wanda ya bi hanyar Yelwa zuwa Kwantagora, ko ta Koko, ba zai rasa ganin mota tsaye a gefen titi ba, an ɗaga murfin inji, tururi yana tashi, yaron mota ya ruga neman ruwa da galan. Mun saba da ganin haka har mun ɗauka halin tsohuwar mota ne. Mu dai a ganinmu halin masu ita ne.

Bara muka shiga wata a-kori-kura daga wajen Shanga, an loda mata buhunan albasa na manoma huɗu, ga kwandunan ɗanyen kifi a kai. Tun ba mu yi nisa ba allurar zafi ta hau ja. Direba ya ce a bari mu ƙarasa, fasinja kuma suka goyi bayansa don kada kasuwa ta watse. Can sai inji ya mutu. Muka wuni a rana, kifi ya lalace, mai mota kuma ya biya kuɗin gyaran kan inji. Da aka duba, tiyo ne ya tsage, wanda kuɗinsa bai kai na buhun albasa ɗaya ba.

Yawancin motocin da ke shiga ƙauyukanmu na Ngaski da Shanga da bakin tafkin Kainji tsofaffi ne. Akwai ma sauran Peugeot irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Su ne ke kai amfanin gonarmu kasuwa, su ne ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Saboda haka lafiyarsu ba ta direba kaɗai ba ce, tamu ce duka.

Ya kamata mu san yadda inji ke shan iska. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zagaya cikin inji ya kwashe zafi, ya kai shi lagireto, fanka da iskar tafiya su sanyaya shi, ya sake komawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto mai kyau yana matse shi har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, sai zafi ya taru.

In allura ta hau, a tsaya nan take, a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto sai bayan rabin awa ko fiye, domin ruwan da ke ciki yana iya tsartuwa ya saɓule fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. In ya huce, sai a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ruwa. In ya ragu, a nemi inda yake zuba: tiyo, ko jikin lagireto, ko ƙarƙashin famfon ruwa. Na biyu, fambel. A danna shi da yatsa. In ya lotsa fiye da faɗin yatsa ɗaya ya saki, in ya tsattsage a canja shi. Na uku, fuskar lagireto. Ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari suna toshe ta, musamman bayan kaka, sai a wanke ta da ruwa a hankali. Na huɗu, murfin lagireto, ko robarsa ta cinye. Na biyar, baƙin mai, domin inji mai ƙarancin mai yana zafi. In kuwa aka ga mai ya koma launin shayi da madara, ko farin hayaƙi yana ta fita ta salansa, ko ruwan lagireto yana kumfa, to gasket ya ƙone. Wannan aikin makanike ne, kada a ci gaba da tafiya. Motar da ke zafi a tsaye ta huce in tana gudu, a tuhumi fanka. Wadda ke zafi a guje ko a hawa, a tuhumi toshewar lagireto ko yawan lodi.

Akwai al'adu biyu da muke roƙo a bari. Ta farko ita ce ɗibar ruwan kogi ko na kududdufi a zuba a lagireto. Ruwa bai yi mana wuya ba a ƙasar Yawuri, amma lakar da ke cikinsa tana kwantawa a ƙananan bututun lagireto, tsatsa ta biyo baya. Ruwan sanyaya inji na kanti ya fi, domin yana hana tsatsa. In babu hali, a tari ruwan sama a tace. Haka nan zuba ƙwai ko sabulu don toshe yoyo, yana toshe har inda ba a so.

Ta biyu ita ce cire tamostat a yar. Makanikai da yawa suna cewa ƙasarmu da zafi, ba a bukatarsa. Gaskiya ne in ya maƙale a rufe yana hana ruwa zagayawa, kuma cire shi a kan hanya don a isa gida ba laifi ba ne. Amma gwada shi ba wuya: a saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta, mai lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. In bai buɗe ba a sayi sabo. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba da safe, balle da hunturu, yana shan mai, yana saurin cinyewa. In kuma lagireto ne ya toshe, an ɓoye cutar ne kawai.

Direba zai ce kuɗin gyara ya yi tsada, abin da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba. Mun yarda. To amma wanne ya fi tsada, tiyo ko kan inji? Duba ruwa da mai da fambel kowace safiya kuwa ba ya cin ko kwabo.

Mu ma fasinja da manoma muna da laifi. Mu ne ke matsa wa direba ya ƙara buhu biyar, mu ne ke yi masa tsawa in ya tsaya. Ƙungiyoyin manoma da ke ɗaukar shatar mota su riƙa tashi da asuba kafin rana ta take, su kuma ga an duba inji a gabansu kafin a yi lodi. In direba ya ce zai tsaya mota ta huce, mu ce masa sannu da ƙoƙari, mu nemi inuwa mu zauna. Sauri ya haifi nawa.

Allah ya kiyaye hanya.