Tumbi ba shaidar arziki ba ne

A nan Korahane, wanda ya ga yunwar 2005 ba ya ƙyamar ƙiba. In magidanci ya yi tumbi, sai mu ce ya samu. Jama'a, lokaci ya yi da za mu sake duba wannan magana.

Da yawa daga cikinmu da muka haye shekara 40 mun bar wa yara hauya. Tafiyar gona da ta kasuwa, yau babur ke kai mu. Mukan wuni bisa tabarma muna shan shayi mai sukari da yawa, miya kuma ga gishiri ga dunƙule. Ta nan hawan jini da ciwon sukari ke shigowa ba sallama. Ranar da ɓarin jikin maigida ya shanye, wa zai ci da iyali? Jinya a Dakoro ko Maraɗi sai an sayar da akuya ko hatsin rumbu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali guda.

Saboda haka mu fara da tafiyar minti 30 bayan sallar asuba, mu koma noma gwargwadon ƙarfinmu, mu rage sukari, mu je likita a auna mana jini. Ba mu ce a zauna da yunwa ba. Wanda kuma yake ramewa ba dalili, ya hanzarta zuwa likita. Rigakafi ya fi magani.