Uwargida, Kada Ki Zubar Da Wannan Taki

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, gawayi da takin zamani suka ƙara tsada. Shi ya sa ake ta zancen iskar girki ta kashin shanu, wadda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ɗanfodiyo, Sakkwato, ta daɗe tana nazarinta. Akan dama kashin da ruwa cikin rufaffen rami, in ya ruɓa iskar ta taso a yi girki.

To, dagwalon da ya saura fa? In kin ƙona kashin a murhu, toka kawai za ki kwasa. Shi kuwa wannan ƙarfinsa na nan, warinsa ya ragu.

Ke da ke Saulawa, Ikara, Makarfi ko Kudan, ƙasar rake da tumatir, ki sirka shi da ruwa ki zuba gindin barkono da zogale. Ko ki shanya a inuwa, ki sayar wa masu fadama. Amma kada ya taɓa latas, kuma ki wanke hannu da sabulu.

'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata.