Wai Ai Turawa Ma Sun Halatta Wiwi!

Jama'a, na gaji da jin wannan magana. Tun da na dawo gida na zauna a Abuja, duk inda na ce tabar wiwi tana cinye mana yara, sai wani ya taso da cewa ai Kanada ma ta halatta. Eh, ta halatta a 2018. To sai me? Can idan yaro ya zare akwai asibitin da za a kai shi. Mu nan likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane sama da miliyan 200.

Kuma wiwin yau ba irin wadda muka sani muna yara ba ce. Wannan Loud da samari ke yayi a Wuse da Gwarinpa ƙarfinta ya ninka na da. Binciken da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya nuna mai shan mai ƙarfin kullum, haɗarin ya samu taɓin hankali ya kusa ninki biyar na wanda bai taɓa sha ba. Ƙididdigar UNODC ta 2018 kuwa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 10.6 ke shan wiwi. Miliyan goma fa!

Ɗan maƙwabcina shekararsa 19, yanzu shi kaɗai yake surutu a ƙofar gida. Uwarsa ta dage aljanu ne, ta gama kuɗinta wajen masu ruƙiyya. Uban ya san gaskiya sarai, amma kunya ta hana shi kai yaron asibiti, wai kada a ji a unguwa.