Sanin hanya: kwana cikin jirgin ƙasa

A wannan wata, filin sanin hanya zai yi bayani bisa jirgin ƙasa na dare, wanda ake kwana cikinsa.

A ƙasar Nijar jirgin ƙasa ba ya ɗaukar mutane. An shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma jirgi bai yi jigilar jama'a a kansa ba. A 2021 aka aza harsashin layin da zai taso daga Kano zuwa Maraɗi. Saboda haka manoma da makiyaya da yawa ba su taɓa shiga jirgi ba, sai in ci rani ko fatauci ya kai su wata ƙasa.

Ɗaya daga cikin ƙasashen nan ita ce Kamaru. Mutumin Damagaram ko na Maraɗi da ya nufi kudancin Kamaru, mota ce za ta kai shi har Ngaundare. Nan ne ƙarshen layin jirgi ta wajen arewa. Layin ya iso garin a 1974. Daga Ngaundare zuwa Yawunde, babban birnin ƙasar, ya fi kilomita 600. Kamfanin Camrail ne ke riƙe da jirgin tun 1999. Jirgin yana tashi bayan magariba, ya kwana yana tafiya, ya isa washegari da safe.

Abu na farko shi ne kuɗi. Sefar Kamaru da sefar Nijar darajarsu ɗaya, amma takardunsu dabam ne. Jikkar Nijar ba ta sayen tike a can. Sai matafiyi ya yi canji tun da wuri. Ya riƙe takardunsa na shaida, da katin allurar shawara, don ana tambayarsa wajen shiga ƙasar.

Abu na biyu shi ne tike. Wurin zama iri-iri ne. Akwai kujera mai araha, inda mutane ke da yawa. Akwai kujera mai ɗan tsada. Akwai ɗaki mai gado 4, akwai mai gado 2. Gadajen a jikin bango suke, wani bisa wani. Tsoho ko mai ciwon ƙafa ya roƙi gadon ƙasa. Mai tafiya da iyalinsa, in yana da hali, ɗaki mai gado 2 ya fi masa sutura. Gadaje kan ƙare da wuri, shi ya sa ake zuwa tasha tun da safe, ko ana gobe tafiya. A wurin mai sayar da tike na tasha ake saye. Wanda ya tari baƙo a bakin ƙofa ya ce zai sayo masa, a yi hattara da shi.

A nan karatu ke nuna amfaninsa. Bisa tike an rubuta ranar tafiya, da lambar tarago, da lambar gado ko kujera. Tarago shi ne kowane ɗaki mai tsawo da kan jirgi ke ja, kuma kowane da lambarsa a jiki. Wanda ya iya karanta lamba zai duba ranar tun yana gaban mai sayarwa, sannan ya je wurinsa kai tsaye. Wanda bai iya ba, dole ya miƙa tikensa ga baƙon ido cikin dare. Ta haka wani ke biyan kuɗin gado ya kwana a zaune. Tike ba a yar da shi sai an fita tasha, don ma'aikata suna bi suna dubawa.

Abu na uku shi ne guzuri. Ana sayar da abinci cikin jirgi, amma ya fi na gari tsada. Matafiyi ya ɗauki ruwan sha, da kilishi ko dabino, da buta, da tocila. Ya ɗauki mayafi, don Ngaundare bisa tudu take, dare yana da sanyi. Ya yi alwala da salla kafin a kira shiga. Akwai makewayi a ƙarshen tarago, amma ruwansa kan ƙare kafin gari ya waye.

Layin guda ɗaya ne. In wani jirgi yana tahowa, sai wannan ya tsaya a tasha ya jira shi ya wuce. Shi ya sa jirgi kan makara. Mai alkawari a Yawunde kada ya sa shi da sassafe.

Jirgi yana tsayawa a Ngaundal, da Belabo, da Nanga Eboko, da wasu ƙananan tashoshi. Ko tsakar dare ne, mata da yara suna zuwa bakin taga da ayaba, da zuma, da rogo. Ta taga ake ciniki. A tanadi ƙananan kuɗi, a karɓi kaya kafin a miƙa su. Kada mutum ya sauka ya yi nisa. Jirgi ba motar kasuwa ba ne, ba ya jiran kowa. Wanda aka bari a tasha cikin daji, kayansa sun tafi, shi kuma ya kwana inda bai san kowa ba. Hawa ko sauka jirgi yana tafiya ya sha raba mutane da ƙafafunsu.

Lokacin barci, kuɗi da takardu su kwana a jikin mai su, cikin aljihun ciki. Jaka a yi matashin kai da ita. Masu ɗaki su rufe ƙofa ta ciki. Masu kujera, in ƴan gari ɗaya ne, su yi barci bi da bi.

Da gari ya waye, matafiyi zai ga ƙasa ta sake. Babu fili irin na arewa, sai kurmi da manyan itatuwa. A Yawunde Faransanci aka fi ji, amma unguwar Birketeri cike take da Hausawa, baƙo ba ya rasa mai nuna masa masauki.

Mai niyyar wannan tafiya bayan kaka, ya fara da ajin yaƙi da jahilci na garinsu. Ko lambobi kaɗai ya koya, sun isa su kai shi gadonsa. Allah ya kiyaye hanya.