Sabuwar kwalta, tsohon tsoro: wa ke da alhakin ran mai tsallaka titi?

Bukukuwan 18 ga watan Disamba sun sauya fuskar manyan garuruwanmu. Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, kowanne ya bar faffaɗan tituna masu santsi. Masu mota da ƴan kabu-kabu sun ji daɗi. Amma tsohuwar da za ta ƙetara zuwa kasuwa, da yaron da aka taso daga lakwal da tsakar rana, su kam titin ƙara musu wuya ya yi.

Dalilin a fili yake. Ramukan da muka daɗe muna kuka da su, su ne ke tilasta wa direba taka burki. Da aka shafe su, ba a kawo wani abu da zai maye gurbinsu ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta kai kan burki ta riga ta isa inda yaron yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Duk da haka, da zarar an buge mutum, abin da ake fara ji shi ne "ai bai duba ba". Ya duba ina? Gefen titin da aka ware masa, mai shayi da mai gyaran waya da mai sayar da fetur a kwalba sun mamaye, dole ya sauka cikin ababen hawa. Farin layin tsallakawa, inda aka taɓa shafa shi, rairayi ya rufe ko rana ta cinye. Ga adaidaita da ke bin hannun da ba nasa ba. Da dare kuwa, in wuta ta ɗauke, sai dai addu'a.

Lamarin ya fi muni a garuruwan da babbar hanya ta 1 ta ratsa, irin su Dogon Dutsi, Ƙonni, Gidan Rumji da Tasawa, inda manyan motocin kaya da bas-bas na dogon zango ke wucewa ta tsakiyar masu talla ranar kasuwa.

Hukumar ANISER tana wayar da kai, ba laifi. Sai dai wa'azi ba ya rage gudun mota. Tudun rage gudu ne ke yin wannan aikin, da tsibirin tsayawa a tsakiyar titi, da fitila a mahaɗa. Ba su kai kuɗin gada guda ba, kuma da yawa aikin ma'aikatar magajin gari ne. Birnin Paris ya mayar da akasarin titunansa kan kilomita 30 tun 2021. Ba mu ce a kwaikwaye shi a ko'ina ba, amma gaban makarantu da asibitoci da ƙofofin kasuwa me zai hana?

Ƴan'uwa da ke ci-rani ma da nasu kason. Babura da dama da ke kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram da kuɗin da suke aikowa aka saye su, aka miƙa wa ƙane makulli ba tare da ya taɓa koyon dokar hanya ba. Wanda ya iya sayen babur, zai iya ƙara kuɗin koyon tuƙi da na lasisi, ya kuma sa sharaɗi kafin yaron ya hau titi.